Kafin Ɗan Suwan Ya Yi Fari: Tarihin Kamun Tsuntsaye a Kogin Tems

A mako na uku na watan Yuli, kowace shekara, kwalekwale shida na katako sukan tashi daga garin Sunbury da ke yamma da Landan, su bi Kogin Tems sama har Abingdon, tafiyar mil 79 cikin kwana biyar. Matuƙan Sarkin Ingila suna sanye da jajayen riguna, sauran kuma wakilan tsofaffin ƙungiyoyin sana'a biyu ne na birnin Landan, wato ta fataken giyar inabi da ta marina. Abin da suka fito nema shi ne suwan, babban farin tsuntsun ruwan nan mai dogon wuya, dangin agwagwa da dinya, wanda namijinsa kan kai kilo 11 ko fiye. Da zarar sun hango uwa da uba da 'ya'ya, sai a ɗaga murya, kwalekwalen su yi musu ƙawanya, a matsa su a hankali zuwa gaɓa, a ɗauko su ɗaya bayan ɗaya a kwantar a kan ciyawa. A auna nauyin 'yan tsakin, a duba bakinsu da ƙafafunsu ko akwai ƙugiya ko zaren kamun kifi, a rubuta, a sa wa wasu zobe, sannan a mayar da iyalin ruwa tare. Mutanen Ingila suna kiran wannan al'ada Swan Upping. Mafi yawan masu kallo, har da 'yan ƙasar, suna ɗaukar ta wasan sarauta ne da aka ajiye don 'yan yawon buɗe ido. Ni a ganina sun yi mata gurguwar fahimta. Abin da ya kafa al'adar, ya tsayar mata da lokaci, ya kuma raya ta bayan dalilinta na farko ya mutu, shi ne 'yan watannin nan da ɗan suwan yake yi yana ruwan toka kafin ya yi fari.

Sai an san tsuntsun kafin a gane dokar. Macen suwan takan yi ƙwai biyar zuwa bakwai a cikin wata ƙatuwar sheƙa ta ciyayin ruwa, ta kwanta a kansu kamar kwana 36. A Ingila ƙyanƙyasa takan faɗo a watan Mayu ko farkon Yuni. Ɗan da ya fito ba ya kama da iyayensa ko kaɗan. Jikinsa lulluɓe yake da lallausan gashi ruwan toka, cikinsa ya ɗan fi haske, bakinsa baƙi-baƙi ne, ƙafafunsa ma haka, wuyan kuma gajere. Kwana ɗaya ko biyu ya isa ya shiga ruwa, idan ya gaji sai ya hau bayan uwar ya ɓuya tsakanin fikafikanta, kansa kaɗai ake gani. Masu ɗaukar hoto da ke bin iyali ɗaya daga bazara zuwa hunturu sun san yadda sauyin ke tafiya: lallausan gashin yana kaɗewa, gashi na sosai mai launin ƙasa-ƙasa yana maye gurbinsa, wuya yana miƙewa, sai wajen wata huɗu zuwa biyar tsuntsun ya iya tashi. Daga nan fari ya riƙa ɓullowa tabo-tabo, a fiffike, a baya, a ƙirji, har ya cinye jikin bayan shekara guda ta zagayo. Baki shi ne na ƙarshe, yakan bi ta ruwan hoda kafin ya zama ruwan lemo irin na manya. Kafin a kai nan kuwa iyayen sun riga sun kore shi, domin da farin ya fara yawa uban yakan fara kallonsa a matsayin abokin gaba a yankinsa.

To, a dubi watan Yuli a cikin wannan jeri. 'Yan tsakin sun yi girman da za a iya riƙe su a yi musu shaida ba tare da an ji musu ciwo mai tsanani ba, amma ba su iya tashi ba. Suna manne da iyayensu, don haka duk wanda ya kama iyalin ya san ɗan wane ne. Manyan ma a daidai wannan lokaci suke zubar da gashin fiffike, su yi makonni ba sa tashi. Idan aka zo da wuri, 'ya'yan sun yi ƙanƙanta. Idan aka makara, iyali ya watse, kuma farin suwan ɗaya ba shi da bambanci da wani farin suwan. Babu sarkin da ya zaɓi wannan lokaci don son ransa, tsuntsun ne ya tilasta shi.

Me ya sa sanin ɗan wane ne ya zama abin damuwa har haka? Saboda suwan dukiya ne. Tun ƙarni na 12 ake ambatonsa a rubuce a matsayin tsuntsun sarauta a Ingila. A shekarar 1247 Sarki Henry na Uku ya ba da umarnin a kawo masa suwan 40 don bikin Kirsimeti a Winchester. A 1274 hukumar birnin Landan ta tsayar da farashin suwan a kan sule 3, alhali dinya kwabo 5 ce, wato suwan ɗaya ya fi kuɗin dinya bakwai. A 1306 Sarki Edward na Ɗaya ya yi rantsuwar yaƙi da Sikotlan a gaban suwan biyu da aka shigo da su wurin walima a Westminster. Abin da ke da irin wannan daraja, kuma yake yawo a kogin da kowa ke bi, dole ya jawo sata da rigima. Saboda haka a 1482, zamanin Edward na Huɗu, majalisa ta kafa doka cewa babu mai ikon mallakar suwan sai wanda yake da ƙasa tasa ta kansa da ke kawo masa aƙalla mak 5 a shekara, wato fam 3 da sule 6 da kwabo 8. Wanda ya cika wannan sharaɗi sai ya sami shaidarsa ta kansa, wadda ake tsagawa da wuƙa a saman bakin tsuntsu, kamar yadda makiyayi ke tsaga kunnen saniya don a san garkenta. Ana zana waɗannan shaidu a dogayen takardun fata, kowane baki da sunan mai shi a gefe, kuma a zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya yawansu ya kai kimanin 900. Akwai jami'in sarki mai kula da suwan na ƙasa baki ɗaya, yana da wakilai a yankuna, akwai kuma kotuna na musamman don shari'ar suwan. Ba a yarda wani ya yi wa ɗan tsako shaida shi kaɗai a ɓoye ba, sai a ranar kamu, a gaban wakilin sarki da sauran masu tsuntsaye.

Hujjar da ta fi ƙarfi tana cikin wata shari'a ta 1592, wadda babban lauya Edward Coke ya rubuta rahotonta. An yi ta ne tsakanin Sarauniya da wasu mutum biyu, Joan Young da Thomas Saunger, a kan ɗaruruwan suwan marasa shaida a yankin Abbotsbury na gundumar Dorset, inda 'yan zuhudu suka daɗe suna kiwon su kafin a rushe gidajen ibadarsu. Hukuncin ya tabbatar da abu biyu. Na farko, duk farin suwan da ba shi da shaida, yana yawo a buɗaɗɗen ruwa, na sarauta ne. Na biyu, idan namiji na wani ne macen kuma ta wani, to 'ya'yan na su biyun ne daidai wa daida. Wannan ya saɓa wa ƙa'idar da dokar Ingila ta sani game da sauran dabbobi, inda ɗa na mai uwa ne, kuma dalilin da aka bayar shi ne namijin suwan yana riƙe mace ɗaya, yana kuma tsayawa kan 'ya'yansa. A wasu wurare al'ada ta ƙara wa mai filin da aka yi sheƙa a cikinsa kaso, ya ɗauki ɗa ɗaya. Idan aka haɗa waɗannan ƙa'idoji, za a ga cewa dukkansu ba sa aiki sai an sami iyalin a haɗe. Ba za a raba 'ya'ya tsakanin mai uba da mai uwa ba sai an kama uban da uwar an karanta bakinsu. Kuma mai tsuntsu yana da wa'adi: muddin ɗan yana ruwan toka yana bin iyayensa, haƙƙinsa a bayyane yake, amma idan ya yi sakaci har tsuntsun ya yi fari ba shaida, ya zama na sarki. Launin gashin shi ne agogon shari'a.

Shi ne kuma agogon madafa. Naman babban suwan yana da tauri da ƙarni, don haka ɗan shekarar ake ci. A ranar kamu akan ware wasu 'yan tsaki a kai su wani tafki da aka kewaye, a yi ta ɗura musu hatsi har Kirsimeti. Irin wannan tafki yana nan har yau a harabar Great Hospital da ke Norwich, an gina shi a 1793 da tubali, kuma an ci gaba da kiwata 'yan suwan a cikinsa har zuwa Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da hatsi ya yi wuya. Ana yanka su ne a daidai lokacin da farin gashi ya fara ratsa na toka.

Akwai wani abu da ya ɗan rikita wannan tsari, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Wani lokaci a cikin ƙyanƙyasa ɗaya sai a ga ɗa guda fari fat tun daga ƙwai, ƙafafunsa masu haske maimakon baƙaƙe. Masu sayar da tsuntsaye a Landan, waɗanda ke shigo da irinsu daga gaɓar Tekun Baltik, sun laƙaba musu sunan ƙasar Foland. A 1838 masanin tsuntsaye William Yarrell ya ɗauka wani jinsi ne dabam, har ya raɗa masa suna na kimiyya. Daga baya aka gano jinsi ɗaya ne, gado ne kawai ke hana launin toka fitowa, kuma ya fi bayyana a mata. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna cewa irin waɗannan fararen 'ya'ya sun fi shan duka daga manya, har da iyayensu, kuma sun fi mutuwa da ƙuruciya. Ashe tokar nan kariya ce, tana gaya wa babban suwan cewa wannan yaro ne, ba mai neman yanki ba. Lokacin da halitta ta keɓe don a ƙyale ɗan tsako ya girma a gefen iyayensa, shi ne lokacin da mutum ya samu ya ɗora dokarsa a kai.

Mai suka zai ce, duk wannan bayani bai wanke al'adar ba, domin tushenta kwaɗayi ne da wariyar masu hali. Gaskiya ne, kuma bai kamata a sassauta ta ba. Dokar 1482 ta fito fili ta ƙwace tsuntsu daga hannun talaka ta ba mai ƙasa, kuma mutumin da ya ɗauki ƙwai daga sheƙa don ya ciyar da iyalinsa yana iya shan ɗauri da tara. Amma tarihi yana tambayar abin da ya faru, ba niyyar masu yi kaɗai ba. Tsakanin ƙarni na 13 da na 19 farauta ta kusan ƙarar da wannan tsuntsu a yawancin Yammacin Turai, inda ya tsira kuwa shi ne inda manyan masu ƙasa ke riƙe da shi a matsayin rabin na gida rabin na daji. A Ingila kowane suwan yana da mai shi, kowace sheƙa tana da mai sa mata ido, kuma dokokin sun hana damun tsuntsun a lokacin kwanci. Mai son cin ɗan suwan a Kirsimeti na baɗi dole ya bar uwa da uba su rayu bana. Ban ce wannan adalci ba ne ga mutanen wancan zamani. Abin da na ce shi ne ya bar wa na baya tsuntsu mai rai, da kuma ɗabi'ar fita kowace shekara a ƙidaya shi.

Wannan ɗabi'a ce ta rage bayan komai ya tafi. Talotalo ya shigo Ingila daga Amurka a ƙarni na 16, ya fi sauƙin kiwo, ya fi laushin nama, a hankali ya ture suwan daga teburin biki. Masu shaidu suka riƙa barin haƙƙinsu yana faɗuwa, har ya zama a Kogin Tems saura sarauta da ƙungiyoyin nan biyu, waɗanda suka sami nasu izini tun ƙarni na 15, sai kuma masu gadon Abbotsbury a can kudu. A da fataken giya suna tsaga biyu a baki, marina tsaga ɗaya. Nan ma akwai suka ta biyu, cewa tsaga bakin tsuntsu da yanke masa ƙarshen fiffike don kada ya tashi zalunci ne, kuma an daɗe ana faɗin haka tun zamanin Sarauniya Victoria. Masu sukar suna da gaskiya, kuma sun yi nasara. An daina yanke fiffike, an daina tsaga baki kafin ƙarni na 20 ya ƙare. Yanzu zobe ake sa wa na marina da na fataken giya a ƙafa, na sarki kuwa ba a sa musu shaidar mallaka. Dokar kare namun daji ta 1981 ta haramta kashe suwan ko taɓa sheƙarsa. Abin lura shi ne an cire wuƙa, an cire tukunya, an cire riba, amma aikin bai rushe ba, domin ainihinsa kama iyali ne a mako ɗaya tak da za a iya kama shi, a duba, a rubuta.

Amfanin wannan ya bayyana a lokacin da babu wanda ya zata. Daga shekarun 1960 yawan suwan a Tems ya fara raguwa, kuma zuwa farkon shekarun 1980 raguwar ta yi muni ƙwarai. Masu kwalekwalen Yuli suna tuƙa mil bayan mil ba su ga iyali ba, waɗanda suka samu kuma wasu wuyansu ya lanƙwashe ya kwanta a bayansu, ba sa iya ɗaga shi. Dalilin dalma ce. Masu kamun kifi da ƙugiya suna maƙala ƙananan ƙwayoyin dalma a zarensu don ya nutse, dubbai suna zubewa a gaɓa da ƙasan ruwa. Suwan kuwa yana haɗiyar tsakuwa don ƙundunsa ya niƙa ciyawa, sai ya haɗiye dalmar tare, ƙundun ya niƙa ta, gubar ta shiga jini ta kashe jijiyoyi. Masana a Jami'ar Oxford, cikinsu har da Farfesa Christopher Perrins, suka yi aiki a kan matsalar, kuma a farkon 1987 aka haramta sayar da ƙwayoyin dalma na kamun kifi masu nauyi tsakanin giram 0.06 da giram 28.35. Bayan haramcin yawan suwan a Birtaniya ya kusan ninkawa. A 1993 aka raba tsohon muƙamin mai kula da suwan na sarauta gida biyu, aka naɗa David Barber mai sa shaida, aka naɗa Perrins mai lura da lafiyarsu, wato masanin kimiyya ya shiga cikin kwalekwalen a hukumance.

A nan ne suka ta uku take, kuma ita ce mafi nauyi. Za a ce ba jajayen riguna ne suka gano dalma ba, likitocin dabbobi ne da suka feɗe gawarwaki da masu gwajin jini. Za a ce ƙidayar kogi ɗaya, mil 79, ba ta wakiltar ƙasa, kuma ɗalibai biyu da ƙaramin jirgi mai inji za su iya yin ta ba tare da tuta ko gaisuwar sarki a gaban fadar Windsor ba. Na yarda da rabin farko gaba ɗaya. Rabi na biyu ne nake jayayya da shi. Ba a gane raguwa sai da abin kwatantawa, kuma abin da Tems ke da shi wanda yawancin koguna ba su da shi, shi ne lissafi na shekaru masu yawa a jere, a ruwa ɗaya, a mako ɗaya, ta hanya ɗaya. Binciken jami'a yakan rayu ne gwargwadon kuɗin da aka ware masa, shekara uku ko biyar, sannan ya tsaya. Abin da ya sa wannan lissafi bai tsaya ba shi ne akwai ƙungiyoyi da ke ganin fitar a matsayin haƙƙinsu da mutuncinsu, suna biyan kuɗinta ko akwai matsala ko babu. Matuƙan kuma ma'aikatan kogi ne da suka san kowane lungu da suwan ke sheƙa, suka san yadda ake riƙe tsuntsu mai kilo 11 ba a karya masa fiffike ba. Irin wannan sani ba ya zama a takarda, sai an maimaita shi kowace shekara. Rigar da tutar su ne ke jawo 'yan makaranta zuwa gaɓa, inda ake nuna musu ɗan tsako da zaren da aka ciro daga maƙogwaronsa. Idan aka cire kwalliyar don a bar aikin zalla, ina tsoron ba za a daɗe ba aikin ma zai bi ta.

Ba a cika fasa fitar ba. A 2012 ambaliya ta sa aka soke wani ɓangare na tafiyar, a 2020 kuma annobar korona ta hana ta gaba ɗaya. Sarauniya Elizabeth ta Biyu, wadda duk suwan mara shaida ke ƙarƙashin sunanta tsawon shekara 70, sau ɗaya ta halarta da kanta, a 2009, abin da ke nuna cewa al'adar ba ta dogara da zuwan mai sarauta ba. Barazanar yanzu murar tsuntsaye ce, tare da karnukan da ake saki a gaɓa, da masu harbi da bindigar iska, da ruwan sama mai ƙarfi da ke tafiya da sheƙa. A 2022 an ƙidaya 'yan tsaki 155 tsakanin Sunbury da Abingdon, a 2023 aka sami 94. An san girman wannan asara cikin mako guda, kuma an san sassan kogin da ta fi shafa, saboda akwai lissafin bara da za a ajiye kusa da na bana.